Cunkoso, cuɗanya ko sanayya: wace firamare za a kai yaro?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Hanifa za ta shiga aji ɗaya zango mai zuwa, kuma makarantun gwamnati uku ne za su iya ɗaukarta. Ta farko tana kusa da mu, da ƙafa ake zuwa, ana yabon malamanta, amma cunkoson ba na wasa ba ne. Ajin da na leƙa yara sun haura hamsin. Ta biyu sai an hau mota, ajinta bai kai haka cika ba, kuma yaran daga ko'ina suke: harshe daban, addini daban, 'ya'yan masu hali da na marasa hali. Ta uku 'yar ƙarama ce, kowane aji guda ɗaya ne, hedimasta ya san kowane yaro har da sunan ubansa. Babanta ya ce ta uku, ni raina na kan ta biyu, ƙafa kuma ta zaɓi ta farko. Waɗanda suka riga mu, me kuka duba?

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, bi maganar maigidanki ki huta. Yarinya 'yar shekara shida ba sanin duniya take bukata ba tukuna, a san ta take bukata. Inda in ba ta zo ba yau, kafin a tashi malama ta neme ki. A makarantar da yara suka yi yawa, yaro zai wuni a bencin baya jikinsa da zafi, ba wanda ya lura.

Baban Yusra: Kafin a yi nisa, ta biyun tafiyar minti nawa ce? Mutane na raina wannan tambayar. Zuwa da dawowa ne kullum har shekara shida, da ranar da mota ta lalace, da ranar da aka kira ki yarinya ta faɗi a fili.

Maman Hanifa: In hanya ba ta cushe ba, wajen rabin awa.

Baban Yusra: To ki sa wannan a ma'auni tun yanzu. Ƙawayenta ma duk can nesa za su kasance.

Malama Bilki: Bari in yi magana a matsayin mai riƙe da aji. Hajiya ta taɓo gaskiya, amma ba zazzaɓi ne babbar matsalar ba, karatu ne. Ku ɗauka darasi minti 40 ne, yara 55. Ku cire kiran rajista, da rubutu a allo, da "ku yi shiru", da wanda ya ɓatar da fensir, da mai neman zuwa banɗaki. Abin da ya rage ku raba wa yara 55, ko rabin minti kowa ba zai samu ba. A aji biyar wannan da sauƙi, don yaro na iya karanta littafinsa da kansa. A aji ɗaya da biyu kuwa, koyon karatu sai malami ya saurari yaro shi kaɗai, ya ji inda harafi ke maƙale masa. In aji ya cika, abin da muke komawa shi ne amshi: in faɗa su maimaita. Daga waje za ki ji aji na tashi da murya ki ce karatu na gudu. A cikinsu goma ne ke karantawa, saura bakin goman suke bi.

Sagir: Iyayena da yayyena, a ba ni dama in kawo abin da aka gwada. A jihar Tenesi ta Amurka an fara wani gwaji a 1985, ana ce masa STAR, ya ɗauki shekara huɗu, yara sama da 11,000 suka shiga. Ƙuri'a aka yi wajen raba yara da malamai: wasu aji mai yara 13 zuwa 17, wasu mai 22 zuwa 25, wasu kuma mai 22 zuwa 25 amma da mataimakin malami. 'Yan ƙaramin aji sun fi cin karatu da lissafi, kuma ribar ta fi yawa ga 'ya'yan talakawa da baƙar fata. Da aka bi sawunsu bayan sun girma, an tarar sun ɗan fi shiga jami'a. Abin da ya ba mutane mamaki, ƙara mataimaki bai canza wani abin kirki ba. Irin wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka fi tsananta doka a ƙananan azuzuwa. Ingila ta hana ajin yara 'yan shekara 5 zuwa 7 ya wuce 30. Faransa tun 2017 ta fara rage ajin farko zuwa yara 12 a unguwannin da suka fi talauci.

Hajiya Turai: Kun ji ko? Allah ya yi maka albarka, Sagir.

Malam Habu: Hajiya, kada ki yi saurin sa masa albarka, bai gama ba. Sagir, ɗana, ajin da ka kira babba a labarinka yara 25 ne. Ni da na yi hedimasta, aji mai 25 ko a mafarki ban cika ganinsa ba. Wannan baiwar Allah tana auna hamsin da wani abu ne da, a ce, arba'in. Gwajin naka ya ce wani abu a kan wannan?

Sagir: Kai tsaye bai ce ba, Baba. Wanda ya fi kusa da shi a yammacin Kenya aka yi. Kenya ta soke kuɗin firamare a 2003, yara sama da miliyan guda suka ƙaru, azuzuwa suka tumbatsa. Masana tattalin arziki uku, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, suka bi makarantun da aka ba kuɗin ɗaukar ƙarin malamin kwantiragi, aji ya sauko daga sama da 80 zuwa 40 da ɗoriya. Yaran da ƙuri'a ta bari a hannun malaman gwamnati na dindindin ba su ƙaru da wani abin a zo a gani ba, duk da an raba ajinsu biyu. Dalili ɗaya shi ne malaman sun rage shiga aji da suka ga an kawo mai taya su. Yaran malaman kwantiragi su ne suka ci gaba. Kuma inda aka horar da kwamitin iyaye yadda za su sa ido, wannan zamewar ta ragu.

Malam Habu: Yauwa. Ga inda gizo ke saƙa. Maman Hanifa, 'yata, lambar da ke cikin rajista ba ita ce ajin ba. Na ga aji mai yara 35 da malaminsa ke zuwa ya sa hannu ya zauna a inuwa, monita na rubuta sunan masu surutu. Na ga mai 60 da malama ta raba su rukuni-rukuni, ta san wanda ya iya haɗa baƙi da wasali da wanda bai iya ba. Ba ina cewa 60 alheri ba ne, wannan malamar a shekara kaɗan take ƙonewa ta nemi canji. Amma tambayar farko ita ce: malami yana cikin ajin, kuma yana koyarwa? Sai ta biyu ta zo: su nawa ne a gabansa?

Akwai kuma cunkoson da ba a gani a aji. Banɗaki nawa ne, kuma yara na iya shiga? 'Ya mace in ta ga layi da ƙazanta sai ta daina shan ruwa ta riƙe fitsari har gida. Filin wasa ya isa, ko manya sun mamaye shi 'yan aji ɗaya na raɓe jikin bango? Ɗakin karatu yana nan, ko an mayar da shi aji? In kin ga an mayar da ɗakin karatu da ofishin malamai azuzuwa, makarantar ta wuce ƙarfinta, ko me aka rubuta a takarda.

Sagir: Haka ya faru a jihar Kalifoniya ta Amurka, Baba. A 1996 suka ce ƙananan azuzuwa kada su wuce yara 20, a jihar gaba ɗaya, kuma cikin gaggawa. Sai da aka ɗauki dubban malamai, da yawa ba su kammala samun shaidar koyarwa ba, aka mayar da ɗakunan karatu azuzuwa, gogaggun malamai kuma suka bar unguwannin talakawa suka tafi inda sabbin gurabe suka buɗe.

Maman 'Yan Biyu: Ni wata tambaya ce da ni. Me ya sa ta farkon ta cika? Akwai makarantar da ta cika don babu wata a kusa, akwai wadda ta cika don iyaye na rububinta. Cikar rububi yabo ce. Haka ita ma ƙaramar, ku tambaya me ya sa take ƙarama. Unguwar ce ba mutane, ko mutanen ne suka kwashe 'ya'yansu?

Anti Ladi: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Hajiya, da girmanki, ina da ja a maganar ƙaramar makaranta. Mun taɓa komawa wata unguwa, na kai ɗana irin wannan makarantar da kowa ya san kowa. Gaskiya ne sun san juna. Iyayen tare suka yi makarantar, malaman 'yan uwansu ne, shugabar ƙungiyar iyaye da malamai ƙanwar wani malami ce. Mu ne baƙi, harshenmu na gida ma daban. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya kore mu. Sai dai a taro in na ɗaga hannu a ce lokaci ya ƙure, in yara sun yi faɗa kuma an riga an san mai gaskiya kafin a tambaya. Da ɗana ya samu wani yaro mai cin zalinsa, na ce a canza masa aji. Aka ce aji ɗaya ne. To shekara shida ke nan tare da shi, da malamar da ke kiran uwarsa yaya. Sanayya daɗi gare ta in kana ciki. In kana waje, ta fi cunkoso ciwo, don a cikin taro aƙalla ba kai kaɗai ne baƙo ba.

Hajiya Turai: Ladi, kin faɗa hannun mutanen banza ne, kada ki shafa wa kowa. Mu a tamu, da wata mata ta rasu, iyaye ne suka riƙe yaranta har suka gama aji shida. Wace makaranta mai yara dubu ce za ta yi haka? Ko labarin rasuwar ba za a ji ba.

Anti Ladi: Allah ya ba ku lada. Amma matar 'yar unguwa ce ko baƙuwa?

Hajiya Turai: Me kike so ki ce?

Shugabar Zaure: Hajiya, Anti, a sassauta don Allah. Tambaya ce aka yi, ba zargi ba.

Hajiya Turai: 'Yar unguwa ce. Amma da baƙuwa ce ma da mun yi.

Anti Ladi: Na yarda da ke har zuciya. Abin da nake so Maman Hanifa ta bincika ke nan: a ta ukun, ita 'yar gida za ta zama ko baƙuwa? In maigidanta sananne ne a wurin, shi ya sa yake son ta, kuma yana da hujja.

Malama Bilki: Tunda an shigo maganar baƙo, in dawo kan ta biyun. Maman Hanifa, abin da kika gani a bakin ƙofa lokacin tashi ba shi ne cuɗanya ba. Makaranta na iya tara kowane irin yaro a harabarta, amma a ciki ta tace su. Ajin A 'ya'yan ma'aikata da waɗanda suka yi nazare, ajin C waɗanda ba su jin harshen da ake koyarwa da shi da waɗanda suka zo a makare. Ƙwararren malami kuma a ba shi A. Yaran nan sai su gama shekara shida ba su taɓa zama benci ɗaya ba, abin da suka koya game da juna kawai shi ne su wane ne 'yan mowa, su wane ne 'yan bora. Wannan ya fi rashin haɗuwar ma illa.

Sagir: Malama ta faɗi abin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Gordon Allport, ya rubuta tun 1954. Ya ce haɗa mutane wuri ɗaya ba ya rage ƙyamar juna sai da sharuɗɗa: a ɗauke su daidai, su kasance da buri ɗaya, su yi aikin tare ba gasa ba, hukumar wurin kuma ta goya baya. Inda aka haɗa su a aji ɗaya kuwa, an ga tasiri. A birnin Delhi na Indiya, daga 2007 an tilasta wa wasu makarantun masu kuɗi ɗaukar 'ya'yan talakawa. Wani masanin tattalin arziki, Gautam Rao, ya bi yaran, ya tarar 'ya'yan masu kuɗin da suka zauna aji ɗaya da talakawa sun fi kyauta, sun fi yarda su yi wasa da su, sun rage nuna musu bambanci. A karatu, Turancinsu ya ɗan ragu kaɗan, lissafi da harshen Hindi ba su taɓu ba.

Baban Yusra: Sagir, makarantun kuɗi ne fa waɗannan, masu kayan aiki. Kuma ribar da ka lissafa ta 'ya'yan masu kuɗi ce. Mu nan maganar ta gwamnati muke.

Sagir: Haka ne, Yaya. Na kawo shi ne don ya nuna zaman aji ɗaya na canza hali.

Baban Yusra: To kuma ka manta ka ce a Kenya ɗin naka raba yara bisa ƙoƙarinsu ya taimaka. Na taɓa jin haka. Ya za ka haɗa shi da maganar Malama?

Sagir: Gaskiya ne, mutanen nan uku sun gano cewa da aka raba 'yan aji ɗaya bisa matakin da suke, na sama da na ƙasa duk sun ƙaru, don malami ya daina koyar da na gaba kawai.

Malama Bilki: Babu karo a ciki. Raba yara bisa abin da suka iya yau, na awa ɗaya ko biyu, a koya wa kowa daga inda ya tsaya, a sake gwada su bayan 'yan makonni wanda ya iya ya matsa gaba, wannan koyarwa ce. Ƙungiyar Pratham ta Indiya a kan haka ta yi suna. Raba su ranar rajista bisa tufafin uwa da aikin uba, a bar su a haka har aji shida, wannan wani abu ne daban. Ki tambayi hedimastan ta biyun kai tsaye: yaya kuke raba yara tsakanin A da B da C, kuma yaro na canza aji? Yadda zai amsa ya ishe ki. Kuma kada a ɓoye wahalar: aji mai harsuna biyar yana bukatar malamin da ya san abin da yake yi. A hannun wanda bai sani ba, yaran da ba su jin harshen shiru kawai za su yi shekara guda.

Malam Habu: Abin da Hajiya ke nema da abin da Ladi ta rasa duk abu ɗaya ne, amana. Ƙanƙantar makaranta na sauƙaƙa ta, amma ba ta haifar da ita. Abin da ke haifar da ita daɗewa ne da adalci. Ki tambaya hedimasta shekararsa nawa a wurin, malaman aji ɗaya da biyu shekararsu nawa. Makarantar da ake canza mata shugaba duk shekara ba ta da jama'a, ko da yaranta ɗari ne. Kuma ƙarama tana da rauninta: malama ɗaya ta tafi haihuwa, aji guda ya zama maraya, sai a haɗe shi da na kusa. Babba tana da inda za ta jawo wani.

Sagir: Baba, a birnin Shikago na Amurka wasu masu binciken ilimi, Anthony Bryk da Barbara Schneider, sun bi ɗaruruwan makarantun firamare a shekarun 1990. Inda amana ta yi ƙarfi tsakanin malamai da iyaye da shugaba, nan ne karatu da lissafi suka fi ingantuwa. Sun kuma ga ta fi samuwa a ƙananan makarantu da inda yara ba sa yawan sauyawa.

Hajiya Turai: Ƙananan makarantu. A maimaita wa Ladi.

Anti Ladi: Na ji, Hajiya. "Ta fi samuwa" aka ce, ba a ce tabbas ba.

Kawu Iliya: Ni duk wannan hirar akwai abin da ke damuna. Kowa na koya wa Maman Hanifa yadda za ta tsere wa makarantar unguwarta. In duk iyayen da suka iya rubuta takarda, suka san ofishin ilimi, suka iya tsayawa gaban jami'i su yi magana, suka kwashe 'ya'yansu, wa zai matsa a gina sabon aji a ta farkon? Sai a bar ta da waɗanda ba su da zaɓi, bayan shekara biyar mu dawo nan muna cewa ta lalace.

Maman 'Yan Biyu: Kawu, gaskiya ka faɗa, amma aji ɗaya sau ɗaya ake yin sa. Kafin a amsa takardar, a fitar da kuɗi, a gina ajin, yarinya ta kai aji huɗu. Ba zan ga laifin uwar da ta ƙi jira ba.

Kawu Iliya: Ban ce laifi ba ne. Na ce a san abin da ake yi. Kuma malaman da ake yabo suna ta farkon, kun manta da wannan.

Malam Habu: Iliya, a bar ta ta je ta gani tukuna. 'Yata, kada ki je ranar da suka gayyaci iyaye, ranar an share ko'ina. Je ki tsakiyar mako bayan an dawo daga tara, lokacin da gajiya ta fara. Ƙirga azuzuwan da babu malami. Ari littafin yaron da ke bencin baya, ba na gaba ba, ki ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. In an fita wasa, ki duba su wa ke wasa da su wa. Ki tsaya ki gaisa da mai gadi, ya fi kowa sanin malamin da ke zuwa da wuri. In hedimasta ya hana ki leƙa aji, kin samu amsarki.

Maman Hanifa: Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Wani abu kuma: an ce ta farkon za ta koma 'yan safe da 'yan yamma don rage cunkoso. Wannan gyara ne?

Malama Bilki: Ya danganta da abu biyu. Na ɗaya, awa nawa za a yanke? Aji na raguwa, amma sau da yawa ranar ma na raguwa, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne wasa da zane da karatun labari. Na biyu, malamai daban ne za su yi yamma, ko na safen ne za su zarce? In su ne, 'yan yamma ragowar malami za su samu. Ki tambaya kuma wane zubi aka sa 'yan aji ɗaya. In safe ne da malamarsu ta kansu, aji ya dawo talatin, ni a wurina ta farkon ta shiga gaba.

Baban Yusra: In kuma yamma ne, ki fara tunanin wanda zai zauna da ita da safe.

Hajiya Turai: Ladi, ɗan naki yanzu yana ina?

Anti Ladi: Na mayar da shi babbar makaranta, Hajiya. Su 48 ne a ajinsu. Malamar ba ta san sunana ba har yau, amma ta san nasa.